Inda na kai da maganaɗisun lantarki: gilbat da amfiya-zagaye

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon naɗin koyil. Maganaɗisun lantarkin da nake haɗawa ya kai matakin gwaji. Ƙarfen cikinsa daga tsohuwar taransfoma na ciro, na yanka shi ya zama siffar C, na bar giɓi guda mai faɗin milimita 2. Na naɗa masa waya zagaye 400. Abin da ya fi cin lokaci a wannan mataki shi ne lissafin ƙarfin da ke tura maganaɗisu ya zagaya cikin ƙarfen, domin littattafan da nake dubawa ba bakinsu ɗaya ba.

Sababbin littattafai suna auna wannan ƙarfi da amfiya-zagaye: ka ninka amfiyar da ke bin waya da yawan zagayen, shi ke nan. Tsofaffin kuma, waɗanda aka rubuta da tsarin santimita, giram da daƙiƙa, suna auna shi da gilbat. Sunan William Gilbert aka ba shi, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a Ingila, wanda ya wallafa littafinsa kan maganaɗisu a 1600. Hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya, ita ce ta tabbatar da sunan a 1930. Gilbat ɗaya daidai yake da amfiya-zagaye 0.796, amfiya-zagaye ɗaya kuma gilbat 1.257.

Ainihin adadin nan 0.796 shi ne 10 a raba da 4π. Goman ta fito ne daga ma'aunin wutar tsohon tsarin, wanda ɗayansa amfiya 10 ne. Ita kuwa 4π, tsohon tsarin ya bar ta a cikin lissafin koyil, har masanin lantarki Oliver Heaviside ya yi ta jayayya cewa a ɗauke ta daga nan. Shawarar injiniya Giovanni Giorgi ta 1901 ta bi wannan hanya, kuma a kanta aka gina tsarin SI, wato tsarin ma'aunai na duniya da sababbin littattafai ke bi, wanda aka amince da shi a 1960. Ba a kawar da 4π ba, wuri aka sauya mata, ta koma cikin adadin da ake kira μ0, wanda ke haɗa ƙarfin turawa da yawan maganaɗisun da ake samu a sarari.

Ga yadda na yi nawa. Ina son yawan maganaɗisun cikin giɓin ya kai gaus 3000 a tsohon tsari, wato tesla 0.3 a tsarin SI. A nan tsohon tsarin ya burge ni ƙwarai, domin a cikin iska adadin gaus da na osted ɗaya ne, osted kuma gilbat ne a kowace santimita. Giɓina santimita 0.2 ne. 3000 sau 0.2 ya ba ni gilbat 600, da ka na yi shi ban taɓa kalkuleta ba. Sai na ninka da 0.796, na samu amfiya-zagaye 477. Na raba da zagaye 400, ya zama amfiya 1.2 kusan. Da na sake bi ta hanyar SI, sai da na raba 0.3 da μ0, na samu sama da amfiya 238,000 a kowace mita, na ninka da mita 0.002, na dawo kan 477 ɗin nan. Amsa ɗaya, amma hanyar ta fi tsawo.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, bambancin ma'aunan biyu bai kai ya tsone ido ba, kuma a nan haɗarin yake. Idan mutum ya rikita gaus da tesla, kuskuren ninki 10,000 ne, nan take zai gane. Amma wanda ya ga 600 a tsohon littafi ya ɗauka amfiya-zagaye ne, zai saka amfiya 1.5 maimakon 1.2, kuma komai zai yi kamar daidai. Zafin waya yana bin amfiya sau amfiya, don haka ƙarin kashi 25 a wuta ya zama ƙarin zafi kusan kashi 56 cikin ɗari. Siririyar waya a cikin zafin watan Afrilu ba za ta jure wannan ba, fentin jikinta zai fara wari. Shawarata: ka zauna cikin tsari guda har ka gama, ka juya sau ɗaya tak a ƙarshe, kuma ka rubuta sunan ma'auni kusa da kowane adadi a takardarka.

Kada ku ɗauka tsohon tsarin ya mutu. Takardun bayanin zobban ƙarfe na kamfanin Micrometals har yanzu da osted suke zana jadawalinsu, kuma 0.4π da za ku gani a lissafinsu ita ce dai 1.257 ɗin nan.

Don gwaji na yi amfani da sansa, wato na'urar auna maganaɗisu, mai lamba 49E, 'yar ƙarama mai ƙafa uku da ta shige giɓin da ƙyar. Ba ta iya karanta gaus 3000, iyakarta wajen 1000 ne, sai na rage wuta zuwa amfiya 0.2. Amfiya-zagaye 80 ke nan, gilbat 100, wanda ya kamata ya ba da gaus 500. Sansar tana motsa kusan milibolt 1.4 a kowane gaus, don haka na sa ran motsin bolt 0.7. Mita ta nuna ƙasa da haka kaɗan, kuma hakan bai ba ni mamaki ba, tunda shi ma ƙarfen yana cin nasa rabon, wani maganaɗisun kuma yana fantsama ta gefen giɓin. Abin da ke gabana yanzu shi ne in goge fuskokin giɓin su daidaita, sannan in kunna shi a amfiya 1.2 in ga yadda zafin koyil ɗin zai tashi cikin rabin awa.