Taron reshe, da takardar banki a jikin bango

Lahadi, makon ƙarshe na Agusta.

Ƙarfe huɗu da rabi muka sa taron reshen ƙungiyarmu ta masu famasi, don kowa ya sallaci la'asar ya taho. Sai ruwa ya kece tun azahar ya ƙi ɗaukewa, hanyoyi suka cika, 'yan adaidaita suka ninka kuɗi. Sai wajen biyar da kwata muka cika adadin da dokar reshe ta ce dole a samu kafin a zauna. Ni ne sakatare, wato kujerun roba da ruwan leda da takardar sa hannu duk a wuyana suke, har da kiran wayar nan na "Yallaɓai, kana hanya kuwa?" Na baro famasi maƙil da masu zazzaɓi, don watan nan sauro ke cin kasuwarsa.

Ma'ajinmu ce ta sauya wa zaman yau kama. Ranar Juma'a ta je banki ta karɓo takardar shige da ficen asusun reshe ta wata shida, ta zo da salatif ta manna shafukan a bango kusa da ƙofa, ba ta ce wa kowa uffan ba. Duk wanda ya shigo yana karkaɗe lema sai ya ja ya tsaya. Kafin a buɗe taro da addu'a, mutanen da ke gaban bango sun fi na kan kujeru yawa.

Baba, dattijonmu wanda ya buɗe famasi tun ina firamare, ya ciro tabarau yana bin layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya tsaya.

"Hajiya, wannan da aka cire a watan Mayu fa?"

"Na ta'aziyya ne, Baba, lokacin da muka je gidan abokin aikinmu da ya rasu. Ga rasit ɗin mota, ga sa hannun shugaba, ga nawa."

Ya duba, ya ce madalla, ya koma mazauninsa yana latsa waya. Ba a jima ba wayar Hajiya ta yi ƙara: bashin kuɗin watan da ake binsa ne ya shigo gaba ɗaya. Wasu suka bi sahu kafin mu gama karanta rahoton zaman da ya gabata. Mun sha rubuta "a daure a biya" a guruf ɗin WhatsApp, ko mai tankawa babu. Kuma mutanen nan ba marowata ba ne. Wanda yake fama da haya da albashin yara da man janareto don kada firijin allura ya huce, ba zai zuba kuɗi a ramin da bai ga ƙasansa ba.

Wani ya ce tunda abin ya yi aiki, a manna sunayen waɗanda ake bi bashi su ma. Shugaba ya ƙi, ya ce tonon silili ba ya kawo kuɗi, sai dai ya kori mutum daga taro har abada. Aka bar shi a kan ni da Hajiya mu kira kowa shi kaɗai. A nan ina tare da shugaba.

Maganar da ta cinye mana lokaci ita ce ta sayo kaya. Tun Fabrairun 2024 da NAFDAC da PCN, hukumar da ke kula da harkar famasi, suka rufe shagunan magani na Sabon Gari da Malam Kato, aka ce 'yan sari su koma cibiyar Dangwauro a hanyar Zariya, sayayya ta canza wa kowa. Ba mu da ja a kan dalilin: maganin da aka jibge a rumfar kwano cikin zafin Kano ya lalace tun bai isa hannun mara lafiya ba. Amma Dangwauro ba nan kusa ba ce, ga mai da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a Mayun 2023. A shekarar ne kuma kamfanin magani na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa daga Najeriya, farashin magungunansa irin su Ventolin na asma da Augmentin ya haura har mai asma ya fara tambayar ko ana sayar da rabi. Mai ƙaramin famasi da zai je ya sari kwali biyu, kuɗin mota ya cinye ribar tun a hanya.

Wata ƙanwarmu, wadda ba ta daɗe da buɗe nata wurin ba, ta miƙe ta ce me zai hana mu haɗa oda: kowa ya turo jerin abin da yake so zuwa daren Laraba, a ɗauki mota guda ranar Alhamis, a yi ciniki da yawa a samu ragi. Da kunya ta fara, tana kallon ƙasa, amma ta zo da lissafinta a rubuce, har da abin da kowa zai rage a kuɗin mota.

Manya suka yi shiru irin na waɗanda suka taɓa ƙonewa. Baba ne ya fasa.

"'Yata, shawararki mai kyau ce, amma mun taɓa yi. Bashi ne ya kashe ta. Wani ya karɓi kaya ya ce sai ya sayar, wanda ya ba da kuɗinsa ya zama mai bin bashin ɗan'uwansa, gaisuwa ma ta gagara."

Na ji daɗin yadda ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Baba, to a cire bashin. Wanda alat ɗinsa bai shigo ba zuwa daren Laraba, babu shi a motar, ko shugaba ne." Aka kwashe da dariya, shugaba ya ce ya ji ya yarda. Aka yi ta ja-in-ja a kan kayan da za a fara da su, daga ƙarshe aka tsaya a kan masu saurin fita: maganin zazzaɓin cizon sauro, ruwan ƙari, sirinji, safar hannu. Insulin da duk abin da ke buƙatar sanyi aka ce a bar su tukuna, don babu wanda zai ɗauki alhakin kular ƙanƙara a bayan mota. Kuɗin kuma ba za su taɓa asusun reshe ba.

Nan ne na sa baki. Na ce ba zan rubuta "an amince" kawai ba, sai an ba ni sunan wanda zai yi da ranar da zai yi. Littafin rahotonmu cike yake da "an amince" da ba wanda ya sake waiwaya. Aka ba ni mutum uku, ƙanwar tamu ce ta farko, da gwajin wata guda.

Batun 25 ga Satumba, ranar masu harhaɗa magunguna ta duniya, bai samu lokaci sosai ba. Wasu na son a kama ɗakin taro, a buga riguna da huluna, a gayyato manyan baƙi. Hajiya ta nuna bango kawai, ta ce ga abin da ke asusu. Aka koma kan rumfa a bakin kasuwa, awon hawan jini da na suga kyauta. Mata suka fara haɗa jakunkuna don magariba ta gabato, aka rufe da addu'a. Zan sake kawo maganar a dawo da taro ƙarfe biyu, don kullum mata ake bari a baya a ƙarshen ajanda.

Bayan salla ina tattara kujeru, wani yaro da ya gama bautar ƙasa bana ya tsaya yana taya ni, alamar akwai magana a bakinsa. Ashe wani mai kuɗi ne ya yi masa tayin ya ba da lasisinsa a yi rajistar shago da shi, a riƙa turo masa kuɗi duk shekara ba sai ya taka wurin ba. Ya ce, "Yaya, na san ba daidai ba ne, amma zaman ya ishe ni." Ban yi masa wa'azi ba, ya san dokar kamar yadda na sani. Na dai tuna masa cewa ranar da aka kama kodin ko taramol a bayan kantar, sunansa ne a jikin takardar da ke rataye, mai kuɗin kuwa yana gida. Sai na tuna Baba ya daɗe yana cigiyar wanda zai riƙe masa famasinsa na biyu. Na tare shi yana shirin shiga mota, na haɗa su. Ya ƙare wa yaron kallo, ya tambaye shi inda ya yi karatu da wanda ya koyar da shi, ya ce ya same shi ranar Talata da takardunsa.

Rahoton zaman yana nan rabi a rubuce, dole ya shiga guruf kafin azahar ɗin gobe. Kuma har yanzu ba mu da direban Alhamis.