Saba Marar Faifai a Legas: Wa Zai Fara Tashi Idan Wuta Ta Ɗauke Gaba Ɗaya?

Idan kana shirin cire faifai daga sabobin (server) da ke ɗauke da VM ɗinka, wato kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin saba ta gaske, su riƙa jawo manhajarsu ta netwok duk lokacin da aka kunna su, amsa tambaya ɗaya kafin ka taɓa DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshin netwok: ranar da komai na ɗakin ya mutu lokaci guda, wace na'ura ce za ta tashi da ƙafarta ba tare da ta roƙi kowa komai ba? Tsarinmu bai da amsar wannan tambaya, kuma har yanzu raina na ɓaci idan na tuna yadda ta ɓuya a duk gwajin da muka yi.

Tsarin kansa ba sabon abu ba ne. VMware ta fito da Auto Deploy tun vSphere 5.0 a 2011, kuma tunanin ɗaya ne: saba ba ta riƙe komai, kowace tashi sabuwa ce. Mu da KVM, manhajar gudanar da VM a kan Linux, muka yi namu, a kan sabobi tokumbo sama da goma, wasu Dell wasu HP, faifan VM kuwa duk suna kan na'urar ajiya ta iSCSI, wadda sabobi ke kaiwa gare ta ta netwok. Saba ta kunnu, katin netwok ya nemi adireshi, DHCP ya ba shi adireshi da sunan fayil, TFTP, hanyar tura fayil mai sauƙi, ya miƙo iPXE, ƙaramar manhajar tayar da na'ura ta netwok, daga nan iPXE ya jawo kernel da initrd ta HTTP, dracut da ke cikin initrd ya sauke imej ɗin squashfs, wato uwar manhajar a dunƙule cikin fayil ɗaya, cikin RAM da umarnin root=live:http://, sai Ansible, manhajar raba saiti, ya ɗora saitin da ya dace da wannan saba. Sabunta manhaja ya koma sauya layi ɗaya a fayil da sake kunna na'ura. Idan sabon imej ya ƙi, a mayar da layin. Wannan ɓangaren ya yi daɗi, ba ni da abin cewa a kansa.

Inda matsalar take: dnsmasq da ke ba da DHCP da TFTP, da nginx da ke riƙe da imej, duk suna cikin VM ɗaya, VM ɗin kuma yana zaune a kan sabobin da yake tayarwa. A takarda yana da kyau, domin idan saba ɗaya ta mutu VM ɗin zai koma wata. Lokacin gwaji ma ɗaya bayan ɗaya ake kashe sabobin, ana matsar da VM ɗin gefe tukuna, saboda haka kullum akwai mai amsa kira. Sai ranar da wuta ta ɗauke, na'urar sauya layi ba ta miƙa wa janareta ba, batirin UPS ya ƙare. Da wuta ta dawo, kowace saba ta tsaya cak. Masu BIOS suna nuna PXE-E51, wato babu wanda ya ba su adireshi, masu UEFI, magajin BIOS, suna nuna PXE-E18, wato sun jira amsa ba ta zo ba. Mabuɗin ɗaki yana cikin ɗakin, ɗakin kuma a kulle.

Abu na farko da zai zo wa kowa shi ne ya jona laftof, ya kunna dnsmasq a kai. Haka aka yi, kuma sabobin sun samu adireshi. To amma imej ɗin fa? Yana cikin faifan VM ɗin, faifan yana kan iSCSI, kuma babu saba ko ɗaya a raye da za ta buɗe shi. Dole aka tayar da saba ɗaya da filasha, aka shiga na'urar ajiya da hannu, aka buɗe faifan da qemu-nbd, aka kwaso fayilolin. Duk wannan ana yi ne wayoyin masu aiki da tsarin suna shigowa, kowa na tambayar "Malam, yaushe za a dawo?" Abin haushin shi ne takardun VMware da kansu sun daɗe suna cewa a ajiye Auto Deploy da vCenter, manhajar da ke gudanar da sabobin VMware, a rukunin sabobi dabam wanda ba ta netwok yake tashi ba. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa mutum zai iya shekaru bai ga dalilin wannan shawara ba. A Legas kuwa mutuwar ɗaki gaba ɗaya abu ne da za a tsara masa tun ranar farko, ko kana layin Band A, rukunin da ya fi samun wuta.

Gyaran da muka yi bai ci kuɗi sosai ba. Ƙananan kwamfutoci biyu masu SSD nasu, waɗanda ba sa shan wuta, kowace da dnsmasq da nginx da cikakken kwafin imej uku na baya-bayan nan, rsync na daidaita su. Suna kan batir nasu dabam tare da suwic ɗin gudanarwa, domin UPS ɗin da ke ɗauke da manyan sabobi mintuna kaɗan yake yi, su kuwa waɗannan ƙananan za su kwana a kan batirin inbata. Kowace saba an ɗaure adireshinta da lambar MAC ɗinta, babu rabon adireshi na kai-tsaye a wannan VLAN, wato keɓaɓɓen ɓangaren netwok ɗin, saboda haka ko duka biyun suka amsa, amsa ɗaya za su bayar. Wanda ke son ainihin tsarin karɓa-karɓa ya duba Kea, sabuwar manhajar DHCP ta ISC, tunda ISC ta daina kula da tsohon dhcpd a ƙarshen 2022.

Sai dai fitar da DHCP daga cikin zoben nan na VM da ke tayar da sabobin da yake zaune a kansu bai gama aikin ba, kuma nan ne nake so a tsaya a duba da kyau. Rubutun iPXE ɗinmu da suna yake kiran sabar HTTP, DNS da ke mayar da suna zuwa adireshi kuma VM ne. Ansible yana jawo saiti daga Git, Git ɗin VM ne. Agogon sabobin yana daidaita da NTP na cikin gida, shi ma VM. Har ma'ajiyar kalmomin sirri da ke riƙe da na shiga iDRAC da iLO, katunan sarrafa sabobin Dell da HP daga nesa, VM ce. Matsala ɗaya ce ta sake fitowa sau huɗu. Yanzu lambar IP tsagwaronta ke cikin rubutun iPXE, chrony mai ba da NTP da kwafin Git suna kan ƙananan kwamfutocin nan, kalmomin sirri na gaggawa kuma suna rubuce a takarda cikin akwatin ƙarfe. Ka ɗauki biro ka bi tashin saba mataki-mataki, duk inda ta nemi wani abu ka rubuta inda abin yake zaune. Duk wanda amsarsa ta zama VM, a fitar da shi.

Haka nan duk abin da ke zaune a intanet. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabta. Sabar da take sauke wani kunshi daga Turai kafin ta gama tashi, a irin wannan rana ba za ta tashi ba. Imej ya zama cikakke tun wurin gina shi, kada a bar apt ko dnf su yi komai lokacin tashi.

Batun jerin tashi kuma. Idan wuta ta dawo kowa tare yake kunnuwa, amma ba tare suke shiryawa ba. Suwic mai gudanarwa yakan ɗauki mintuna kafin ya fara wuce da saƙo, na'urar ajiya ta fi shi jinkiri. Katin PXE kuwa, wato katin netwok da ke tayar da saba, ba shi da haƙuri: bisa ƙa'idarsa sau huɗu yake nema, yana jiran daƙiƙa 4, 8, 16 da 32, kimanin minti ɗaya ke nan, sai ya haƙura. Idan tsohon spanning tree, tsarin hana saƙo zagaye a netwok, yana kan kafar suwic, daƙiƙa 30 sun tafi kafin kafar ta buɗe, 15 na saurare 15 na koyo. A sa portfast ko edge a kowace kafa da saba ke kai, don ta buɗe nan take. A BIOS na Dell a kunna Boot Sequence Retry, a na HP a kunna Network Boot Retry Support, sannan a sa jinkirin kunnuwa bayan dawowar wuta, kowace saba da nata, don kada su afka wa janareta da sabar HTTP lokaci guda. Cikin iPXE kuma kada a bar umarnin dhcp ko chain ba tare da mafita ba. Idan ya faɗi, rubutun ya yi sleep 20 ya koma farko, har abada. Mu mun ƙara wani abu: kafin libvirt, mai gudanar da KVM, ya tayar da VM ko ɗaya, sai wani ɗan rubutu ya tabbatar duk hanyoyin multipath zuwa ajiya sun bayyana, domin VM da ya tashi ya tarar babu faifai ya fi wanda bai tashi ba wahalar gyara.

Wanda ya haɗa kafofi biyu su zama ɗaya da tsarin LACP ya sani katin PXE bai san LACP ba. Suwic zai riƙe kafar yana jiran saƙon da ba zai zo ba sai Linux ya tashi, Linux kuma ba zai tashi ba sai kafar ta buɗe. A Arista ana warware shi da lacp fallback, a Juniper da force-up, a Nexus da no lacp suspend-individual. Ni dai na fi son a ware kafa ɗaya ta 1G don tashi kawai, ba tag, a bar na 10G ga VM da ajiya. Waya ɗaya ce ƙari, kuma ta rage ciwon kai da yawa.

A DHCP abubuwa biyu ne suke cin lokacin mutane. Na ɗaya, haɗakar BIOS da UEFI, wadda dole ka same ta idan tokumbo kake saye. Zaɓi na 93 a saƙon DHCP ke faɗin irin na'urar: 0 a ba ta undionly.kpxe, 7 ko 9 a ba ta ipxe.efi, ko snponly.efi idan katin ya ƙi jituwa da direban iPXE. Na biyu, iPXE yana tashi sai ya sake neman DHCP, idan aka sake miƙa masa kansa haka zai yi ta zagaye. A duba zaɓi na 77, idan an ga iPXE a ba shi adireshin rubutu na HTTP. Idan DHCP yana wani VLAN, sai ip helper-address a kan rauta. Secure Boot, tsaron UEFI da ke ƙin manhajar da ba a sa wa hannu ba, kuma ba zai karɓi iPXE da ka gina da hannunka ba sai ka sa masa hannu ka shigar da mabuɗinka, ko ka bi ta shim da GRUB.

TFTP a bar masa iPXE kaɗai. Yana tura bayit 512 ne ya jira amsa kafin ya tura na gaba, idan zuwa da dawowa na cin milisakan ɗaya, kimanin KB 500 ke nan a daƙiƙa. Imej mai MB 800 zai kusa rabin awa. Ta HTTP a kan 1G bai kai daƙiƙa 10 ba, sabobi 12 tare kuma kimanin minti ɗaya da rabi.

Akwai kuma abin da saba marar ajiya take mantawa alhali bai kamata ta manta ba. Sunan iSCSI da ke /etc/iscsi/initiatorname.iscsi shi ne mafi haɗari: idan aka gina shi cikin imej, duk sabobin za su zo wa na'urar ajiya da suna ɗaya, suna korar juna, hanyoyi na yankewa suna dawowa ba tare da dalilin da ido zai gani ba. A cire shi daga imej, a ƙirƙire shi lokacin tashi daga lambar siriyal ta saba, yadda kullum zai fito iri ɗaya. Haka machine-id, lambar shaidar kowace na'ura a Linux. Mabuɗan SSH na saba a ajiye su a kan ƙananan kwamfutocin a miƙo su lokacin tashi, in ba haka ba kowace tashi Ansible zai ƙi shiga, mutane kuma su koyi kashe binciken mabuɗi, wanda ya fi muni. Log ya tafi waje ta rsyslog tun daƙiƙar farko, kdump mai adana bayanin faɗuwar kernel ma ta netwok, domin idan saba ta faɗi ta tashi babu abin da za ka tarar. A kuma ƙayyade girman journald, ma'ajiyar log ta cikin saba, tunda duk abin da aka rubuta RAM yake ci. Mu GB 8 muke ware wa uwar manhajar, ba ma lissafa shi cikin rabon VM.

Ƙaramin abu amma ya isa ya tsayar da saba: batirin CR2032 na kan allo. Tsofaffin sabobi da yawa nasu ya mutu, kuma agogon ba zai nuna ba muddin suna jone da wuta. Ranar da wuta ta yanke gaba ɗaya agogo ya koma shekarun baya, idan iPXE ta HTTPS yake jawo imej zai ce takardar shaidar ba ta fara aiki ba, ya ƙi. A sauya batirin duk sabar da ta shigo kafin a ɗora ta a rak, a kuma sa umarnin ntp a rubutun iPXE kafin chain, idan an gina shi da wannan umarnin.

Gwajin da muke yi yanzu kafin a amince da kowane canji a tsarin tashi shi ne na gaske: daren Asabar, a kashe VM cikin tsari, a sauke babban makunnin ɗakin har da UPS da batirin ƙananan kwamfutocin, a cire wayar intanet, a jira fitilu su mutu, a mayar da wuta, kowa ya naɗe hannu. Ba a taɓa allon rubutu, ba a shiga iDRAC. Ana duba agogo daga mayar da wuta zuwa lokacin da VM na ƙarshe ya amsa ping, a rubuta a littafi kusa da lambar imej ɗin. Idan wani ya miƙa hannu ya danna ko da F1 ne, gwajin ya faɗi, sai a nemo dalilin a sake.