Furen nan mai tonon silili

Asabar. Hazo ya rufe Samaru tun asuba, sanyi kuma ya hana kowa motsi sai da rana ta ɗaga. Koko da ƙosai, wanki, shara. Wajen ƙarfe goma aka kawo wuta, gidan ya hargitse da rububin soket.

Na so in shiga Sabon Gari in karɓo ɗinkina, tela ya ce sai Talata. Na san irin Talatarsa. Kuɗin keke dai ya huta.

Abba ne ya sa na zauna rubutun nan da daren nan.

Tun da Yaya ya kawo shi hutu wajen Hajiya ya maƙale wa kwamfutata. Undertale na sa masa, don shi ne tsohuwar kwamfutar ke iya ɗauka ba ta yi zafi ta mutu ba. Wasan 2015 ne, wani Ba'amurke mai suna Toby Fox ya yi shi kusan shi kaɗai, har kiɗan ciki shi ya tsara. Zanensa irin na wasannin da ne, ƙwara-ƙwara. Da Abba ya gani sai ya yatsine fuska ya ce, "Gwaggo, wannan ai na 'yan firamare ne." Shi da yake aji shida.

Ga waɗanda ba su taɓa yi ba: yaro ne ya hau dutse ya faɗa rami, ya tsinci kansa a ƙarƙashin ƙasa, inda mutane suka kulle dodanni bayan wani tsohon yaƙi. Hanyar komawa gida kake nema. Duk dodon da ya tare ka, zaɓi huɗu ne a gabanka: ka kai masa sara, ka yi mu'amala da shi, ka ciro wani abu a jaka, ko ka yi masa afuwa. Kana iya gama wasan kaf ba ka kashe ko ɗaya ba. Sai dai afuwar tana da aiki, sai ka gano abin da ke cin kowanne a rai. Kwaɗo yabo yake so. Wani tsuntsun ƙanƙara so yake a yi wa barkwancinsa dariya. Akwai karen da in kana shafa shi wuyansa ke ta tsawo har kansa ya fice daga allo. Duk wannan kuma kana juya 'yar jar zuciyarka a cikin akwati, kana kauce wa abin da suke jifanka da shi.

Sai Toriel. Siffar akuya gare ta, da doguwar riga. Ita ke tsintarka a farko, ta riƙe hannunka ta tsallakar da kai tarkon ƙusoshi, ta ba ka waya, ta bugo tana tambaya ko kana son kirfa, ta gasa maka kek ta ajiye a ɗakin da ta gyara dominka. Ranar da ka ce tafiya za ka yi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta hana, saboda yaran da suka fita kafin kai babu wanda ya tsira.

Ina kicin ina yanka alayyahu na ji falon ya yi tsit. Shirun Abba ba ya zuwa da alheri. Na leƙo da wuƙa a hannu na same shi ya zuba wa allo ido.

"Gwaggo, ta mutu."

"Wa?"

"Maman."

Bai ce akuyar ba, bai ce dodon ba.

"Wallahi ba kashe ta na zo yi ba. So nake jininta ya ragu ta gaji ta ba ni hanya. Kaɗan-kaɗan yake raguwa, kawai sai sara ɗaya ya kwashe sauran duka." Haka aka gina wurin da gangan, kuma mutane da yawa sun faɗa wannan ramin. Amma ya lura da abin da ba kowa ke lura ba. Ya ce, "Kuma ita da nawa jinin ya kusa ƙarewa, wutar da take jefowa kauce mini take yi. Ba ta so ta same ni."

Na tuna masa ai ya adana inda ya kai a wasan kafin faɗan, yana iya komawa can ya sake. Nan take ya koma baya. A karo na biyu bai ɗaga mata hannu ba, afuwa kawai yake dannawa, ita tana shiru, yana kaucewa, yana sake dannawa, har ya fara cewa abin ba ya aiki. Can ta fara magana, can ta sauko, ta rungume yaron ta buɗe ƙofa. Abba ya yi tsalle har ya kusa fizge caja.

Ni kuwa na tsaya, don na san wanda ke jira a bayan ƙofar.

Flowey. Ɗan fure mai fara'a, mugun wasan. Abba ya shiga karanta maganarsa a hankali yana bin layi da yatsa, ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Furen ya ce masa kada ya yi saurin jin kansa, ya san abin da ya aikata: ya kashe ta, sannan ya koma baya don ya yi nadama.

Ya waiwayo. "Gwaggo, ke kika faɗa masa?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba.

"Ai na gyara. Tana raye. Malam ya ce mana a Islamiyya wanda ya tuba kamar wanda bai yi laifin ba ne. To shi wannan wane ne da zai riƙa tuna mini?"

Bakina ya mutu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Abba, wasa ne fa."

"In wasa ne me ya sa yake tunawa?"

Hajiya na kan tabarma tana tsintar shinkafa, ashe kunnenta na wajenmu. "Wai yau dodo ake wa zaman makoki a gidana?" Ta ce su a tatsuniyarsu dodo haɗiye mutane yake da shanunsu, sai an farke cikinsa kowa ya fito, kuma ba ta taɓa jin wanda ya tambayi lafiyarsa ba. "Ita wannan ɗin me ta ci maka?"

"Ba ta ci komai ba, Hajiya. Abinci ma ta ba ni."

"Af, ashe amana ka ci, ɗan nan."

Idonsa ya kawo ruwa. Sai ta ajiye faifan ta ce, "Zo nan, maigidan. Yanzu ina zaune za ka yi wa akuya kuka? Kishiya ka yi mini?" Da ƙyar ya murmusa.

Tambayarsa ta bi ni har bayan isha'i. Ni dai abin da ya sa nake son wasan nan shi ne ainihin abin da ya ɓata masa rai. A sauran wasannin da na sani dodo amfanin gona ne, girbe shi kake yi ka tara maki ka ƙara ƙarfi. A nan ma lambobin suna hawa in ka yi kisa, kana ta murna, sai dab da ƙarshe Sans, ƙwarangwal ɗin nan mai raha, ya tsayar da kai ya gaya maka ashe lissafin cutar da ka yi ne. Wanda kuwa ya zaɓi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙarar, gari watsewa yake kafin ya iso, kiɗa ya yi nauyi yana jan ƙafa, ya shiga kanti ya tarar ba kowa sai takardar roƙon kada a taɓa iyalinsu. In ya kai wannan hanyar ƙarshe, ko ya sake wasan daga farko ya bi ta alheri, tabon na nan. Ni ban taɓa iya bin ta ba, a YouTube na kalla, kuma furen bai bar irinmu ba, akwai inda yake yi wa masu tsayawa kallo habaici.

Amsar da ta zo mini a makare ita ce, furen ba alƙali ba ne. So yake yaro ya ji nadamarsa ba ta da amfani, alhali Toriel na raye kuma hanya a buɗe take. Gobe zan gaya wa Abba haka. Sai dai ba zan ce masa gara a ce wasan ya manta ba, don ban yarda da hakan ba. Da komai gogewa yake da danna maɓalli ɗaya, da afuwar da ya sha wahalar yi ba ta fi saran nauyi ba, gwaji ne kawai, a taɓa wannan a taɓa wancan.

Kuma dai. Akwai wadda ta gaya mini magana bara, ta dawo ta ba ni haƙuri, na haƙura har zuciya. Har yau in ta turo saƙo sai na maimaita karantawa kafin in amsa. Ban ji daɗin gane kujerar wa nake zaune a kai ba.

Tuwon masara miyar kuka. An ɗauke wuta ana tsakiyar ci. Yaya ya bugo, Abba ya karɓi waya ya kwashe labari tun daga rami, ya tsallake kisan.

Gobe zai haɗu da Papyrus, ƙwarangwal ɗan'uwan Sans, da taliyarsa da ba ta ciwuwa, ban gaya masa komai ba. Hajiya ta ce a juyo mata allon da safe, tana so ta ga kishiyar tata. Na ce ai an wuce wajenta. Ta ce, "To a koma baya mana, tunda kun iya."