Babban kaya a jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja

Yau da safe a tashar Rigasa wata baiwar Allah ta zo da jakar bakko guda ɗaya, cike taf da shinkafa, garin masara da galan ɗin man gyaɗa. Wajen cicciɓa ta a ƙofar tarago zip ya ɓalle, hannu ɗaya ya tsinke, mai ya fara bin ƙasa. Jama'a a bayanta suna jira, ita kuma ta tsuguna tana kwashe gari da mayafinta. Abin ya taɓa ni sosai.

Jakar bakko ta fi dacewa da tufafi, ɗinkin hannunta ba ya jure nauyin hatsi. Gara a raba kayan gida biyu, kowanne kada ya wuce kilo 15, yadda mutum ɗaya zai iya ɗaga shi zuwa ma'ajiyar da ke saman kujeru. A ɗaure jakar da igiya a gicciye, nauyin ya hau kan igiyar, zip ya huta. Galan kuwa a shimfiɗa leda a bakinsa kafin a murɗa murfin, a saka shi cikin wata ledar, ya yi tafiya a tsaye. Mai sauka a Kubwa ya matso da kayansa kusa da ƙofa tun da wuri, domin jirgin ba ya daɗewa a can.

Har yanzu tunanina yana kan yadda za ta sauke ragowar kayan ita kaɗai.