Gilasai shida, biyu suka yi kyau

Talata, Agege, bayan sallar isha'i.

Na bar gida tun da asuba don in riga cunkoson Oshodi, duk da haka sai ƙarfe tara na isa ɗakin gwaje-gwaje. Ina ƙoƙarin haɗa na'urar gano haske ne wadda ba ta da dalma a ciki. Aikin yau shi ne shimfiɗa haɗin sinadaran siziyom da bismut da aidin, wato Cs3Bi2I9, a kan ƙananan gilasai shida, kowanne bai fi farcen babban yatsa faɗi ba. Na narkar da garin haɗin a cikin DMF, wani ruwan sinadari mai narkar da abubuwa, na ɗiga a kan gilashi, na'ura ta juya shi da gudu har ruwan ya baje, sannan na ɗora shi a kan faranti mai zafi, inda ya bushe ya yi ja kamar an shafa manja.

A ido sun yi kyau, amma da na duba su a madubin ƙara girma, sai na ga huɗu sun yi ƙwayoyi masu kusurwa shida waɗanda ba su haɗe da juna ba, da ramuka birjik a tsakani, kuma lantarki ba ya tsallaka rami. Ina zargin danshin damina, ko da yake wataƙila ni na yi gaggawa.

Sauran biyun na haɗa musu waya. A cikin duhu lantarkin da ke ratsa su kaɗan ne ƙwarai, wanda shi ake nema ga na'urar gano haske, domin ta haka take iya rarrabe ɗan haske da rashinsa. Da na haska shuɗiyar fitila, nan take ma'auni ya ɗaga. Jar fitila kuwa da ƙyar ta motsa shi, saboda giɓin makamashin wannan haɗi, wato ƙarfin da haske ke buƙata kafin ya motsa lantarki a cikinsa, ya kai kimanin 2 a ma'aunin makamashi na eV, kuma jan haske ba shi da ƙarfin tsallaka shi. Gaskiya dai, amsar da gilasan suka ba hasken ba ta kama ƙafar ta irin wannan haɗi da ake yi da dalma ba, tunda a haɗin nawa bismut da aidin suna zaune ne rukuni-rukuni a ware, caji na shan wahalar wucewa.

Da daddare Kawu ya tambaye ni dalilin da ya sa nake wahala da abin da na san haɗin dalma ya fi shi aiki. Na ce masa: "Kawu, dalma lambarta 82 a jadawalin sinadarai, bismut 83, maƙwabta ne masu kama da juna wajen tsarin lantarki, sai dai shi bismut har a maganin ciki ana sa shi." Kawu mutumin Anka ne ta jihar Zamfara, saboda haka ban buƙaci tuna masa gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a shekarar 2010 ba. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya tambaya ko gilasan nan biyu za su kai mako.

Na rufe su a kwalba tare da ƙwayoyin tsotse danshi. Gobe zan ƙara DMSO, wani ruwan narkarwar daban, a cikin ruwan, in gani ko ramukan za su ragu.