Ƙafar Baba

Jiya na kwana a asibiti wajen Baba. Ciwon suga ne, shekara tara ke nan. Ashe ƙusa ya taka a gona bai ji ba, sai da ƙafar ta kumbura ta fara wari Inna ta lura. Likita ya ce sugan ya kashe jijiyoyin ƙafar, ba sa kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Na kasa barci. Jiki mai lafiya ba ya jiran umarni: zafin jiki ya haura digiri 37 gumi ya karyo, suga ya hau sinadarin insulin da jiki ke samarwa ya sauko da shi, ƙaya ta soke ka a ɗan yatsa kafin ka ƙifta ido labari ya isa kai. Zafin nan da muke gudu ashe rahama ne.

Sai ƙasarmu Najeriya ta faɗo mini a rai. Ƙananan hukumomi 774 gare mu, su ne jijiyoyin da ya kamata su ji ƙauye ya ce wayyo. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Amma a ƙauyenmu rijiyar burtsatse ta fi shekara a lalace, mata na takawa rafi, kuma ban ga alamar zafin ya kai sama ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Gobe za a sake wanke wa Baba ciwon. Ku sa shi a addu'a.