Godiya ga waɗanda suka shirya mu kafin kwanan kan tsauni

Alhamdu lillahi, mun hau, mun kwana, mun sauko lafiya. Wannan saƙo daga mu biyu ne zuwa ga waɗanda suka ba mu aron kaya da waɗanda suka ba mu aron sani. Za mu faɗi abin da kowa ya yi dalla-dalla, don wanda ke da niyyar irin wannan kwana shi ma ya ƙaru.

Yaya, kai ne na farko. Ka ba mu tanti, amma ka hana mu ɗauka sai da muka kafa shi a gabanka, muka ƙirga turaku da igiyoyi. Gaskiyarka, ba a koyon kafa tanti da almuru iska tana fizgar sa. Kai ne kuma ka ce kada mu kafa a ƙololuwa, mu ɗan gangaro ta gefen da dutse ya tare iska, kuma kada mu faɗa cikin kwari, domin nan sanyi yake taruwa da dare, nan ruwa yake bi in an yi ruwan sama. Siririn gefen tanti shi ake juya wa iska, ƙofa ta ba ta baya. Turke a karkace ake buga shi, kamar digiri 45, kansa yana kallon nesa da tanti. In aka buga shi ya karkato wajen tanti, igiya na ja zai tumɓuke. Inda ƙasa ta zama falalen dutse, turke ba ya shiga, sai a ɗaure igiya a ƙaramin dutse, a danne ta da babba a gabansa. Wannan dabara kaɗai ta riƙe kusurwa biyu har gari ya waye. Allah ya saka da alheri.

Inna, mun yi wa shimfiɗar soso da kika cusa mana dariya, yanzu mun janye. Mai barci a kan dutse ta ƙasa yake rasa ɗumin jikinsa, kuma jakar barci, wato bargon da ake shiga cikinsa kamar buhu, ba ta taimako ta nan, saboda nauyin jiki yana matse ta. Ga shi duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, kafin a zo batun iska. Rigar auduga da ta sha gumin hawa ba a kwana da ita, a cire a sa busasshiya tun jiki bai huce ba.

Ga malaminmu da ya zauna ya yi mana lissafi a takarda, godiya ta musamman. Awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600, sannan a ƙara na hutu da nauyin kaya. Da wannan muka san lokacin tashi, har muka isa da sauran awa biyu kafin rana ta faɗi. Ruwa lita 4 kowane mutum, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a gadon baya, jakar kaya kuwa kada nauyinta ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. A nan ne mutum yake gane abin da ba ya buƙata. Malam, batun tsawa ma ba mu manta ba: a ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da rugugi, a raba da 3, a sami nisan a kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar sama a gangara, tanti ba ya kare kowa daga aradu, kuma sai an yi minti 30 da rugugin ƙarshe kafin a koma.

'Yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, ke ce kika haɗa mana akwatin magani, kika kuma ja mana kunne kan risho da garwashi: ba sa shiga tanti ko sanyi ya kai ina, domin gubar da suke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa. Ƙofofin iska a bar su a buɗe, in ba haka ba numfashin mutum biyu zai taru a rufi ya riƙa ɗiga kamar yoyo. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Mun gode ƙwarai.

Ƙanenmu da ya riƙe mana alƙawarin lokaci a gida, kai ma ka yi aiki. Ka san hanyar da muka bi da ƙarfen da ya kamata a ji daga gare mu. Waya ba abin dogaro ba ce a can, sanyi da neman sabis suna cinye caji, sai an kashe neman layin an cusa ta cikin jakar barci.

Yaya, tantinka yana shanye, ba za mu naɗe shi da raɓa ya yi fumfuna ba. Turke ɗaya ya lanƙwashe, mun sayi madadinsa, jibi za mu kawo maka duka in Allah ya yarda.